Tafinta a Bakin Gadon Majinyaci

A watan Janairun 1980 aka kai wani saurayi ɗan shekara 18 wani asibiti a kudancin jihar Fulorida ta Amurka, ranga-ranga, bai san inda kansa yake ba. Danginsa 'yan asalin ƙasar Kyuba ne, Sifaniyanci ne harshensu. Da ma'aikata suka tambayi abin da ya same shi, sai dangin suka ce suna jin "intoxicado" ne. A bakin mutanen Kyuba, kalmar tana nufin mutum ya ci ko ya sha wani abu da bai karɓe shi ba, ya birkita masa jiki. To amma a Turanci akwai wata kalma mai kama da ita kamar an tsaga kara, wadda ke nufin buguwa. Sai aka ɗauka ƙwaya yaron ya afa ta fi ƙarfinsa, aka shiga yi masa irin maganin da ake yi wa wanda ya sha ta wuce kima. Ashe jini ne ke tsiyaya a cikin ƙwaƙwalwarsa. Kwana biyu yana kwance a haka kafin a gano, ko da aka gano kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya rayu, amma hannuwa da ƙafafu duk sun shanye. Daga baya aka yi sulhu a kan diyyar da aka ƙiyasta za ta kai dala miliyan 71.

Asibitin nan yana da na'urori, yana da likitocin da za su iya tsayar da jinin da a ce sun san yana zuba. Abin da ya rasa shi ne mutum guda da ya san harsunan biyu sani na haƙiƙa, wanda kuma aka ajiye shi domin wannan aiki. Shi ya sa nake ganin jin maganar mara lafiya yana cikin magani, kamar yadda tsabtar allura take cikinsa. Babu wanda zai yarda a ce tafasa kayan tiyata ya dogara ga kirkin ma'aikacin da aka tarar a bakin aiki, in mai kirki ne ya tafasa, in ba shi ba ne a yi haƙuri. An rubuta ƙa'ida, ana bin diddiginta, wanda ya karya ya amsa tambaya. Fahimtar juna tsakanin likita da majinyaci ma irin wannan ƙa'ida take buƙata.

Amurkawa sun rubuta tasu, amma sai da suka sha wuya kafin su kai can. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda gwagwarmayar baƙaƙen fata ta haifar, ta hana duk wata cibiya da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mutum bambanci saboda launinsa ko ƙasar da ya fito. A 1974 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar wasu yara 'yan asalin Sin a birnin San Francisco, waɗanda ake karantar da su da Turancin da ba sa ji. Hukuncin ya nuna cewa zaunar da yaro a aji ɗaya da sauran, a miƙa masa littafi iri ɗaya, alhali abin da malami ke faɗa ba ya shiga kunnensa, bai zama an daidaita shi da kowa ba. Wannan hujja ce ta tsallaka daga aji ta shiga asibiti. A 1985 kuma rahoton da Margaret Heckler, sakatariyar lafiya ta lokacin, ta fitar ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fata kusan 60,000 ke mutuwa kowace shekara fiye da yadda za a samu da a ce lafiyarsu daidai take da ta farare. Shekarar da ta biyo baya aka kafa ofishin kula da lafiyar tsirarun al'ummu a ma'aikatar lafiya. Shi ne ya fitar da ƙa'idoji 14 a watan Disamban 2000 kan yadda za a kula da majinyaci daidai da harshensa da al'adarsa, waɗanda ake taƙaita sunansu da CLAS, aka sake fasalinsu suka zama 15 a 2013.

Mafi yawan abin da ke cikinsu aikin ofis ne: shugabannin asibiti su ɗauki nauyin lamarin, a ɗauki ma'aikata daga cikin al'ummar da ake yi wa hidima, a horar da su, a rubuta harshen kowane majinyaci a takardarsa, a buɗe ƙofar kai koke. Amma guda huɗu daga ciki su ne ƙashin bayan abin. A samar wa wanda ba ya jin Turanci sosai tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. A gaya masa, da baki da kuma a rubuce, cikin harshen da yake ji, cewa yana da wannan dama, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba kamar babu ne. A tabbatar tafintan ya iya aikin, a guji sa wanda bai da horo ko ƙaramin yaro. Sannan takardu da allunan nuna hanya su zo cikin harsunan mutanen yankin, da kalmomin da kowa zai gane. A ƙasar da sama da mutum miliyan 25 ba sa jin Turanci yadda ya kamata, wannan ba ƙaramin alkawari ba ne.

Ƙa'idar nan ta guje wa tafintan sa-kai ita na fi son mu tsaya a kanta, domin a nan ne yawancinmu za mu ce, to mene ne laifi, ai ɗan'uwa ya fi bare. Wani likitan yara, Glenn Flores, ya naɗi muryoyin ganawar likita da iyaye masu jin Sifaniyanci har sau 13, shi da abokan aikinsa suka zauna suna bi jimla-jimla, suka wallafa sakamakon a 2003. Sun ƙirga kurakuran tafinta 396, wato kusan 31 a kowace ganawa, kuma 63 cikin ɗari na kurakuran na iya taɓa lafiyar yaron. Wanda ya fi yawa shi ne tsallake magana: likita ya faɗa ko uwa ta faɗa, tafinta ya haɗiye. A ɗaya daga cikin ganawar, yaro na ciwon kunne, aka rubuta masa maganin sha, mai tafinta ya ce wa uwar ta ɗiga masa a kunne. A wani binciken da ya biyo baya a 2012, a ɗakunan gaggawa na yara, kurakuran da ke iya cutarwa sun kai 22 cikin ɗari idan tafintan na sa-kai ne, 20 idan babu tafinta sam, 12 idan ƙwararre ne. A duba da kyau: wanda aka jawo daga baranda ya taimaka bai fi rashin tafinta gaba ɗaya ba. Dalilin a fili yake. Idan babu tafinta, likita ya san bai gane ba, sai ya yi taka-tsantsan. Idan akwai mai rabin sani, kowa ya saki jiki yana zaton an fahimci juna.

Jin harshe biyu daban, iya tafinta daban. Ɗan'uwa yana da ra'ayi a kan ciwon, yana da abin da yake so ya ɓoye wa mara lafiya don kada hankalinsa ya tashi, yana da abin da yake jin nauyin faɗa wa likita. Miji zai iya amsa tambayar da aka yi wa matarsa ba tare da ya juya ya dube ta ba. Yaro kuwa zalunci ne a ɗora masa. Mu da muka san kunya, mun san matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ta yaya za a tsayar da wannan ɗan a ce ya tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada, ko ya gaya mata an ga sankara a mahaifarta? Za ta ce lafiya lau, shi ma zai ce ta ce lafiya lau, a rubuta a kati a sallame su.

Harshe rabin zancen ne. Ɗaya rabin ya fito fili a labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Hmong, waɗanda yaƙi ya koro daga ƙasar Laos, da aka haifa a 1982 a garin Merced na jihar Kalifoniya. Tana wata uku ta fara farfaɗiya. Zuwan farko da aka kai ta asibiti babu tafinta, kuma kafin a iso jijjigar ta lafa, sai aka ɗauka ciwon ƙirji ne aka ba da maganinsa. Da aka gano farfaɗiya ce, sai wata matsalar ta kunno kai. A wurin likitoci, wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa. A wurin iyayen, iska ce ta kama kurwar 'yarsu, kuma a al'adarsu mai irin wannan lalura yana iya zama mai baiwa. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon zance ba, mu ma muna da gidajen da ake fara kai mai farfaɗiya wurin ruƙiyya ko hayaƙi kafin a tuna da asibiti. An yi ta canza wa yarinyar magunguna sama da sau ashirin cikin 'yan shekaru, ga iyaye ba sa karatu da kowane harshe, ga wasu magungunan suna sa ta kasala, sai suka riƙa ragewa ko dainawa. Likitoci suka ga taurin kai, hukuma ta ƙwace ta daga hannunsu na wani lokaci. Tana shekara huɗu, a 1986, wata babbar jijjiga ta lalata mata ƙwaƙwalwa. Iyayen suka ɗauke ta zuwa gida, danginta suka yi ta jinyarta shekara 26 har ta rasu a 2012. 'Yar jarida Anne Fadiman ta rubuta littafi a kan wannan a 1997, ana karantar da shi a makarantun likitanci da dama.

Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne babu mugu a cikinsa. Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, sun hana idonsu barci. Iyayen suna son 'yarsu son da ba a iya kwatantawa. Abin da ba a yi ba tun da wuri shi ne a zauna a tambaye su: ku me kuke kiran wannan ciwo, me kuke ganin ya kawo shi, me kuka fi tsoro game da shi, wane magani kuke fata? Irin tambayoyin da Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin al'adu a jami'ar Harvard, ya ba da shawarar a riƙa yi tun a 1978. Da an yi, wataƙila da an sami matsaya: ku ci gaba da naku roƙon, amma ga ƙwaya guda ɗaya, kada a tsallake ta. A 2009 wani asibiti a garin na Merced ya fito da tsarin da ya ba masu maganin gargajiyar Hmong damar shiga ɗakin majinyaci su yi addu'o'insu, bayan an zagaya da su an nuna musu yadda aikin asibiti yake.

A nan akwai ramin da ya kamata a kauce masa, kuma su kansu Amurkawa sun sha faɗawa ciki. Da zarar an ce a koyi al'adar majinyaci, sai wasu su buga ɗan littafi: mutanen ƙasa kaza ba sa son a dube su cikin ido, Musulmi kaza, 'yan Afirka kaza. Ma'aikaci ya haddace, ya ga mace da hijabi, ya yanke mata hukunci kafin ta buɗe baki. Wannan kuɗin goro ne, kuma wani sabon raini ne da aka sa wa rigar girmamawa. Bahaushiyar da ta yi digiri a Zariya da wadda ba ta taɓa fita ƙauyensu ba duk Hausawa ne, amma abin da kowacce ke so daga likita daban. Wata tana son likita mace ko ta halin ƙaƙa, wata ƙwarewa kawai take nema. Wani mai ciwon suga zai ajiye azumi da zarar an yi masa bayani, wani sai an zauna da shi an sake tsara lokutan maganinsa tsakanin sahur da buɗa-baki. Ba a sanin wannan sai an tambayi mai jikin. Shi ya sa wasu likitoci biyu, Melanie Tervalon da Jann Murray-García, suka ce a 1998 abin da ake buƙata ya fi kusa da tawali'u a kan ƙwarewa, domin al'adar wani ba darasi ba ce da ake saukewa a karɓi shahada.

Kada kuma a ɗauka Amurka ta gama da lamarin. Yawancin ƙa'idojin nan shiriya ce, ba su da haƙoran cizo su kaɗai. Ɓangaren harshe ne ke jingine da doka, wato ta 1964 da kuma wani sashe na dokar inshorar lafiya ta 2010. Asibitoci da yawa suna kukan kuɗi, likita mai sauri yakan ga kiran tafinta ta waya ɓata lokaci ne. A ranar 1 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, ya kuma soke umarnin da tsohon Shugaba Bill Clinton ya bayar a Agustan 2000 na tilasta wa hukumomin tarayya su tanadi hanyar isa ga masu ƙarancin Turanci. Dokokin majalisa suna nan ba su rushe ba, amma iskar ta juya, kuma ina ganin kuskure ne babba. Tsohuwar da ta zo daga Agadas ko Kumasi ta zauna wurin ɗanta a unguwar Bronx ta New York ba za ta koyi Turanci a motar ɗaukar marasa lafiya ba don an sa hannu a takarda. Duk da haka, a yau tana iya cewa a kira mata mai jin Hausa ta waya, kuma asibitin da ke cin kuɗin gwamnati ya san nauyi ne a wuyansa.

Mu fa a gida? Najeriya tana da harsuna sama da 500, likitocinta kuwa da Turanci ake horar da su, na Nijar da Faransanci. Ɗan bautar ƙasa daga Enugu ana tura shi asibitin ƙauye a Jigawa, likita Bakano yana duba Babarbariya ko Bafulatanar ruga, kowa ya ɗauka ai Hausa ta wadatar, alhali akwai miliyoyin da Hausarsu ta cinikin kasuwa ce, ba ta kai ta bayyana ciwo ba. Ita kanta Hausar tana cike da irin tarkon da ya kama saurayin Fulorida. Mace ta ce zuciyarta na tashi, tana nufin amai take ji. Mai tafinta da ya bi kalma-kalma zai aika likita neman ciwon zuciya. Mutum ya ce yana da sanyi: na gaɓoɓi ne, na ƙirji ne, ko na mara wanda ake ɗauka wurin saduwa? Basir a bakin mutane ya ƙunshi abubuwa da yawa da suka wuce abin da likita ke kira da wannan suna. Sankara da sanƙarau ƙugiya ɗaya da harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, amma ɗaya daji ne, ɗaya annobar lokacin zafi. Mace ta ce cikinta ya kwanta shekara biyu, wanda bai san me ake nufi ba zai yi dariya, wanda ya sani zai gane akwai abin dubawa.

Ba mu rasa doka ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da harshen da yake ji, tare da la'akari da iya karatunsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya maimaita haka. Abin da babu shi ne matakalar da ke tsakanin doka da bakin gado: wane ne zai yi tafintar, wa ya horar da shi, wa ke biyansa, ina ake rubuta harshen majinyaci, wa za a kai wa kuka. Mu ne kuma ya fi kamata mu san tsadar wannan giɓi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun amince da baki. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, gardamar a kan abu ɗaya take: me aka faɗa, me aka ji. Kuma tabon da abin ya bari yana cikin dalilan da suka sa mutane suka saurari jita-jita lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003.

Ta fuskar al'ada ma muna da darasi a hannu. Tun shekarun 1970 wani likita, Eldryd Parry, da abokan aikinsa a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki suna da nasu kason. Amma ko a wancan lokaci ko yanzu, ma'aikaciyar da ta daka wa mai jego tsawa ta ce wankan jego jahilci ne ta yi asarar majinyaciya, domin a gida kaka ce ke da iko da tukunyar. Wadda ta kira kakar ta ce, "Iya, a ci gaba da wanka, amma a sirka ruwan, kanwar nan kuma a rage ta saboda jininta ya hau," ita ce za a ji maganarta.

Za a ce asibitin da ba shi da safar hannu ina shi ina albashin tafinta. Na ji wannan, kuma ba zancen banza ba ne. Sai dai mafi yawan abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. A ƙara layi ɗaya a katin asibiti: harshen da majinyaci ya fi ji. Kowane asibiti ya san ma'aikatansa masu jin Fulatanci, Barbarci, Larabcin Shuwa, Zabarmanci ko Tibi. A tantance su, a ba su horo kan riƙe sirri da faɗin magana yadda aka faɗe ta ba ragi ba ƙari, a ƙara musu ɗan alawus, a daina ɗaukar abin kamar taimakon da ake roƙa. Binciken nan na 2012 ya nuna tafintan da ya sami horon awa 100 ko fiye kurakuransa masu haɗari sun sauko zuwa 2 cikin ɗari. Makarantun likitanci da na jinya a Arewa su koyar da Hausar asibiti a matsayin darasi mai jarrabawa, sassan harsuna na jami'o'inmu su taya su. Takardar amincewa da tiyata ta zo da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu kafin ya dangwala. Bayan an yi bayanin magani, a ce wa majinyaci ya maimaita yadda zai sha, domin "to, likita" a bakin mutanenmu ladabi ne, ba shaidar ganewa ba.

Shekarun baya na yi jinyar gwaggona a wani babban asibiti. A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa Bafulatana da aka kawo daga ruga. Likitar matashiya ce mai haƙuri, 'yar Kudu, Turanci take yi. Nas ta juya zuwa Hausa, sai aka kira wata mai shara da ke jin Fulatanci, ta jingine tsintsiyarta ta matso. "Inna, likita ta ce me ke damun ki?" Tsohuwar ta daɗe tana magana. Ta nuna ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta nuna kafaɗa, ta ƙirga wani abu da yatsu, ta yi alamar ci da hannu sannan ta girgiza kai. Mai sharar ta saurara har ƙarshe, ta juya wurin nas ta ce, "Wai cikinta ke ciwo." Nas ta faɗa wa likita da kalma biyu, likita ta rubuta, aka wuce gado na gaba.